Muhawara: Shin lissafin tururi kaɗai ya isa ya bayyana abin da cibiyar zarra ke fitarwa bayan ta kama muyon (ƙwaya mai kama da elektron amma ta fi shi nauyi)?

Malamin fizik, Unguwar Rimi: Ni ra'ayina shi ne ya isa. Furoton da nutiron su ne ƙwayoyin da suka haɗu suka yi cibiyar zarra. Idan furoton ya kama muyon, sai ya rikiɗe ya zama nutiron, nutirino kuma (wata ƙwaya marar caji da ke samuwa a kamun) ya fice da mafi yawan ƙarfin, wanda a jimla ya kai kusan MeV 105 (MeV ma'aunin ƙarfi ne na ƙananan ƙwayoyi). Abin da ya rage wa cibiyar yawanci tsakanin MeV 10 ne zuwa 20, sai ta yi zafi ta riƙa zubar da nutiron kamar yadda tukunya ke fitar da tururi. Wannan shi ne lissafin tururi da masanin fizik Weisskopf ya shimfiɗa tun 1937, kuma yawancin nutiron da ake aunawa marasa ƙarfi ne, kamar yadda ya nuna.

Ɗaliba, Tudun Wada: Allah ya gafarta Malam, ban musa maganar yawancinsu ba, amma akwai ragowar da ke fita da ƙarfin da ya haura MeV 20, wanda tukunya mai irin wannan zafi ba za ta iya bayarwa ba. Waɗannan sun fice ne tun kafin ƙarfin ya gama rarrabuwa a cikin cibiyar, kuma saboda irinsu ne wani masanin, Griffin, ya kawo nasa lissafin a 1966.

Malamin fizik: Yarinya, waɗannan 'yan kaɗan ne, ba za a rushe gida saboda su ba.

Injiniya, Kakuri: Malam, da girmanka, 'yan kaɗan ɗin nan su ne ke hana masu gwaji barci. Gwajin Mu2e a cibiyar bincike ta Fermilab a Amurka da na COMET a Japan, masu neman ganin muyon ya rikiɗe ya zama elektron, duka alminiyom suka zaɓa don tsayar da muyon, inda kusan kashi 61 cikin ɗari ke ƙarewa a hannun cibiya. Furoton ɗin da ke fitowa daga nan yana lalata na'urori yana kuma rikita lissafi, shi ya sa ƙungiyar masu bincike ta AlCap ta je cibiyar bincike ta PSI a Suwizalan ta auna shi da kanta maimakon ta dogara da hasashe.

Ɗaliba: Ga kuma tambayar da nake so Malam ya amsa: tunda kamun nutiron yake haifarwa, daga ina furoton mai ƙarfi yake fitowa? Ko dai nutiron ɗin ya buge shi a hanyarsa ta fita, ko kuwa muyon ya afka wa furoton biyu da ke maƙale da juna, kuma babu ko ɗaya cikin biyun a lissafin tururi.

Malamin fizik: A kan alminiyom na sallama. Amma a cibiya mai nauyi irin ta dalma, inda shingen lantarki, wato shingen da cajin cibiyar ke gindayawa, ke hana furoton fita, ina nan a kan bakana har sai an kawo mini awon da ya saɓa.