Lambar yabo ga masu awon jini: karramawa ce ko rufe baki?

Baban Ummi, Gusau: Salamu alaikum jama'a. Na ga shawarar da aka kawo, wai mu haɗa kuɗi ƙarshen shekara mu karrama ma'aikatan asibiti waɗanda ba likitoci ba: masu awon jini, masu ɗaukar hoton cikin jiki, masu gashin ƙashi. Ni ban goyi baya ba. Lambar yabo ba ta sayen buhun masara. Mutanen nan sun yi shekara da shekaru suna karɓar naira 5,000 a wata kuɗin kasada, sai ƙarshen 2021 aka ƙara. Tun 2014 da aka gyara albashin likitoci, JOHESU, haɗakar ƙungiyoyin ma'aikatan lafiya da ba likitoci ba, ke neman a gyara nasu tsarin albashin da ake kira CONHESS, har da dogon yajin aikin 2018. A ba su haƙƙinsu. Allon katako da hoto da manya rufe baki ne kawai.

Maman Sadiƙ, ɗakin gwaji: Wa alaikumus salam Yaya. Maganar albashi gaskiya ce, ni ta fi shafa. Amma mu nan ba gwamnati ba ne, ba mu da ikon gyara CONHESS. Abin da ke hannunmu shi ne mu ambaci sunan mutum a gaban jama'a. Kada ka raina wannan.

Ka tuna 2010. Yara na ta jijjiga suna mutuwa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, Dareta, Abare, 'Yargalma, ana ta ba su maganin zazzaɓin cizon sauro a banza. Me ya tona asirin ciwon? Awon jini. Shi ya nuna gubar dalma ce daga ƙurar duwatsun zinari da ake niƙawa cikin gidaje. Yara aƙalla 400 suka rasu. Ƙaramar na'urar da ake awon yawan dalma a jini da ita a ƙauye iyakar ma'auninta 65, jinin yara da yawa ya wuce nan. Kuma ba awo ɗaya ake yi a tashi ba: yaron da ya kai 45 ake sa wa magani, a sake ɗibar jini, a sake aunawa, wata da watanni. Kowa ya san sunan MSF, ƙungiyar likitocin agaji ta duniya da ta yi jinyar yaran. Faɗa mini sunan mutum ɗaya cikin 'yan ƙasa da suka zauna kan wannan jinin har Bagega, ƙauyen Anka da gubar ta shafa shi ma.

Baban Ummi: Ban sani ba, ƙanwata.

Maman Sadiƙ: To, abin da ke ci mini rai ke nan.

Kawu Ɗan Anka: Wanga magana ta taɓa ni. Ɗan ƙanena na cikin yaran da suka rayu. Uwarsa har gobe likita take yi wa addu'a, ba ta ma san akwai wani a bayan ƙofa ba. A wurin mutanenmu duk mai farar riga likita ne. Ni ina tare da karramawa.

Malamin Firamare: Kawu, Allah ya ƙara girma, amma tsoron Baban Ummi na da tushe. Mun sha ganin yadda ake yi. Wanda ke kusa da shugaba shi ke karɓa, wanda ke kwana da aiki yana tafi. Akwai wani asibiti da aka karrama mutumin da rabonsa da taɓa na'ura an jima, matata tana wajen, ta dawo gida ranta a ɓace. Irin wannan gara babu, don tana kashe gwiwar masu ƙoƙari.

Maman Sadiƙ: Ai laifin masu zaɓe ne, Malam, ba na lambar ba. Kuma akwai amfanin da ba ku duba ba. Ɗaliban sakandare duk likitanci suke cikewa a JAMB, in ba su samu ba su karɓi awon jini da ɓacin rai, kamar an jefar da su. Ba wanda ya taɓa gaya musu cewa sanƙaran 2017, da ya faro daga jihar nan ya ci fiye da mutum 1,000 a ƙasa, ɗakin gwaji ne ya tabbatar nau'in C ne, alhali rigakafin da aka yi wa jama'a a baya na nau'in A ne. Ba don ruwan ƙashin bayan da aka auna ba, da wace allura za a nema? Haka shan inna. Kafin a ce Afirka ta rabu da asalin ƙwayar cutarsa a watan Agustan 2020, bayan gidan yara aka yi ta kaiwa Ibadan da Maiduguri ana dubawa. Aiki ne mai wari, ba kyamara a wurin.

Hajiya Babba: Ku daina mantawa da masu gashin ƙashi. Da Alhaji ya samu shanyewar ɓarin jiki, likita ya ceci ransa, Allah ya saka masa. Amma wani yaro ne ya yi wata bakwai yana lanƙwasa masa ƙafa har ya koma masallaci da sanda. Na ba shi kuɗi ya ƙi karɓa. In za a kira sunansa gaban iyayensa, zan bayar da nawa yau.

Baban Ummi: Hajiya, Allah ya ƙara wa Alhaji lafiya. Har yanzu ina nan kan cewa ranar da muka miƙa lamba, wani babba zai tashi ya yi jawabi kamar an biya bashi, kuma ba a biya ba. Amma tambayar Maman Sadiƙ ta tsaya mini a wuya, ni ɗan jihar nan ne ban san ko mutum ɗaya ba. Zan sa kuɗina da sharaɗi biyu. Kada shugaban asibiti ko ɗan siyasa ya zaɓa. Abokan aiki da majinyata su kawo suna, su faɗi aikin da mutum ya yi. Sannan kada a kashe kuɗin a hayar zaure da abinci.

Malamin Firamare: A ƙara na uku, kada a tsaya Gusau. A nemi na Anka, Zurmi, Shinkafi, waɗanda suka zauna bakin aiki duk da halin da hanyoyin nan ke ciki.

Maman Sadiƙ: Na yarda. Kuɗin kuma a biya wa mutum sabunta lasisinsa ko wani kwas. Kawu, ko za ka tambaya mana a Bagega, wa ke ɗibar jinin yara a wancan lokaci? Tsofaffin mata za su tuna fuska ko sun manta suna.

Kawu Ɗan Anka: Ran Juma'a zan shiga in hanya ta yi kyau, in sha Allahu.