Wane tsohon littafi ne har yau bai sake ku ba?

Ɗan Gangare:
Salamu alaikum jama'a. Makon jiya muna kwashe kayan marigayi Baba, sai na ci karo da Ruwan Bagaja a ƙasan akwatin ƙarfe, bango ya fita, gara ta ci gefen shafukan farko. Na ce bari in leƙa shafi ɗaya. Ga sanyin Jos ya fara busawa, na ja bargo, ban farga ba sai da aka kira La'asar. Yadda Alhaji Imam da Malam Zurƙe ke rama wa juna tsiya gari bayan gari, na yi ta dariya har mai ɗakina ta leƙo ta ce ko lafiya. Abin da ya fi ɗaure min kai, Abubakar Imam yana da shekara 22 kacal ya rubuta shi, a gasar rubutun littattafan Hausa da Baturen nan Rupert East ya shirya a 1933. Ni a shekarun nan wasiƙa ma sai na yaga uku. Ku fa, wanne ne naku?

Maman Ummi:
Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan Baba. Ni kam Shaihu Umar na Tafawa Ɓalewa. Ba shi da ban dariya, amma uwar nan da ta bar gida neman ɗanta, aka kama ta baiwa, ta ƙetare Hamada, sai da ta gan shi sannan rai ya yi halinsa! Ina 'yar makaranta na karanta don jarrabawa, ban ji komai ba. Bayan na haihu na sake ɗauka, wallahi sai da na ajiye na share hawaye.

Malamin Hausa:
Allah ya gafarta masa. Gasar nan littattafai biyar ta fitar, har da Ganɗoki na Bello Kagara, wan Imam ɗin, da Idon Matambayi, da Jiki Magayi. Amma ɗan'uwa, kada ka ji haushi, Ruwan Bagaja ɗumin hannu ne. Gwanintar tana cikin Magana Jari Ce, inda aku ke tsare ɗan sarki da labari dare bayan dare don kada ya fita ya faɗa tarkon Waziri.

Ɗan Gangare:
Amin, na gode. Malam, ban ƙi ta taka ba, sai dai aku ya cika wa'azi, Zurƙe kuwa ɗan duniya ne irin wanda za ka iya gamuwa da shi a kasuwar Taminus gobe. Maman Ummi, kin sa zan nemi naki. Ina ake samunsu yanzu? Na zagaya masu littattafai na bakin Babban Masallaci, Magana Jari Ce na 2 kaɗai na samu.

Maman Ummi:
Nawa yana nan, amma aro ba kyauta ba. Littafin So Aljannar Duniya da na ba wata maƙwabciya tun azumin bara har yau ina cigiya.