Hawan Dutsen Penang da ƙafa: shawarwarin waɗanda suka hau

Matafiya masu jakar goyo da suka hau Dutsen Penang, kusa da birnin George Town a Malesiya, bakinsu ya zo ɗaya kan abu guda: a yi sammako. Tsayin dutsen ya kai mita 833 a ƙololuwarsa, amma ba tsayin ne ke kayar da mutum ba, zafi da gumi ne. Kafin hantsi riga ta jiƙe sharkaf. A bar babbar jaka a masauki, a ɗauki ruwa da yawa da takalmi mai kama ƙasa, domin in an yi ruwan sama saiwoyin bishiya santsi suke yi.

Kan hanya ce aka rabu. Wasu sun fi son titin kwalta da ya tashi daga Lambun Botanik, wato lambun tsirrai da ke gindin dutsen, tunda ba a ɓata, sai dai gwiwa ta ji jiki. Wasu suka ce ta cikin kurmi ta fi inuwa, ni ma can na karkata, in dai ba kai kaɗai ba ne.

Birai kuwa, kada su ga leda a hannunka, warcewa suke yi. Akwai masallaci a sama. Wanda ya gaji ya sauko a jirgin ƙasan da ke hawa dutsen tun 1923.