Neman Shawara: Farin Lofen da Na Kawo wa Kawu Daga Turkiyya Ya Fara Dabbare-Dabbare

Mai Shadda:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah wanda ya san kan lofe ya taimaka mini. Watan jiya na je sarin kaya Istanbul, a babbar kasuwarsu mai rufi na ga wani lofe fari tas, an sassaƙa shi da siffar kan tsoho mai rawani da gemu. Da na ɗaga sai na ji ba nauyi, kamar ɓawon ƙwai. Mai shagon ya ce dutse ne, wai shi luletashi. Na tuna da kawuna, wan mahaifiyata, wanda tun ina yaro nake ganinsa da lofen katako a baki, sai na saya masa tsaraba. Kuɗin da na biya ba na wasa ba ne.

To yau sati uku ke nan yana sha. Jiya na je gaishe shi, abin da na gani bai yi mini daɗi ba. Wuyan lofen ya yi ruwan ɗorawa, gemun tsohon ya yi wasu ɗigo-ɗigo jajaye, rawanin kuma yana nan fari. Bututun da ake sa wa a baki ya ƙi fita. Kawu ya ce gobe zai jiƙa shi a ruwan zafi da omo ya dirje da soso, sannan wai yana barin baƙin da ke taruwa a cikin tukunyar lofen, inda ake zuba taba, ya yi kauri, don haka ake yi wa lofe. Ni dai na roƙe shi ya dakata.

Tambayata: cutata aka yi aka ba ni alli, ko mu ne ba mu iya riƙon abin ba?

Ɗalibi a Eskishehir:
Wa alaikumus salam Alhaji. Ka zo gidan abin, domin a garin da nake karatu, Eskishehir ta Turkiyya, ake haƙo shi. Kafin komai, kira Kawu yanzu ka ce kada ruwan zafi ya taɓa lofen nan. Dutsen yana shan ruwa kamar tukunyar ƙasa sabuwa. Ɗanyensa ma jiƙa shi masu sassaƙa suke yi ya yi laushi su yanka da ƙaramar wuƙa. In aka tsoma shi a ruwan omo, zai sha sabulun ya riƙe a cikinsa, kakin da ke jikinsa ya tafi, ƙila ma ya tsage wajen bushewa.

Turkawa suna ce masa luletashi, wato dutsen lofe. Turawa kuma suna kiransa mirsham, kalmar Jamusanci ce, ma'anarta kumfar teku, saboda farinsa da rashin nauyinsa, har busasshensa yakan yi iyo a kan ruwa. A ƙauyukan da ke kewaye da Eskishehir ake samunsa, irin su Sefetci da Karatefe. Rijiyoyi masu zurfi ake haƙawa, a sauka da igiya, a fito da shi dunƙule-dunƙule cikin laka. Bayan an sassaƙa an busar, sai a tsoma shi a narkakken kakin zuma. A unguwar Odunfazari akwai gidan tarihi na wannan dutse kaɗai, kuma ba lofe kawai ake yi da shi ba, har carbi da 'yan kunne.

Rawayar da ka gani a wuya ba lalacewa ba ce. Ita ake nema. Dutsen yana tsotse danshi da man taba daga ciki, kakin kuma yana jawo launin waje. Daga fari ya koma kalar madara, ya koma ruwan zuma, in an yi shekaru ya yi ja mai duhu kamar dabino. Kuma daga wuya yakan fara, rawani ne ƙarshe. A nan tsofaffi alfahari suke yi da lofen da ya yi ja.

Mai Shadda:
Ikon Allah! Wato abin da ya tayar mini da hankali shi ne adon. To jajayen ɗigon da ke gemu fa?

Tsohon Ma'aikacin Reluwe:
Ɗana, tambaya ɗaya zan yi maka: kawun naka yana cin goro?

Mai Shadda:
Baba, ai ba ya rabuwa da shi.

Tsohon Ma'aikacin Reluwe:
To ka samu amsarka. Ya ɓare goro, ya shafa baki, ya kama lofe yana da ɗumi. In lofen ya ɗauki zafi kakin jikinsa yana laushi, duk abin da ke yatsa sai ya hau ya zauna: goro, manja, miya, tawadar biro. Turare ya fi su ɓarna, musamman na fesawa, don sipirit ɗin da ke ciki yana cin kakin. Ni na fara shan lofe tun kafin a haifi da yawa daga cikinku, na kuma bari shekara tara ke nan bisa umarnin likita, amma lofunana suna nan a akwati. Akwai guda biyu na wannan dutse, kuma na farkon ni na kashe shi da hannuna, shi ya sa nake so ka karanta abin da zan faɗa a tsanake.

Kawunka ba shirme yake yi ba da ya ce a bar baƙi ya taru. A lofen katako gaskiyarsa ce. Katako wuta na cinsa, don haka ana barin wannan baƙin ɓawo ya lulluɓe cikin tukunyar ya kare ta, kaurinsa kamar na kwabo. Amma dutse ba ya ƙonewa, bai buƙatar kariya. Abin da ya fi muni, ɓawon da dutsen ba tare suke buɗewa ba in sun ji zafi. Ɓawon ya kumbura, dutsen ya ƙi, sai ka ji ƙas. Haka nawa ya yi wata safiya cikin hunturu, tsaga ta taso daga baki har gindi. Ba ɗinki, ba liƙi.

Abin da zai riƙa yi ba wuya. In ya gama sha, ya bari ya huce. Ya zazzage tokar a hankali, in ta maƙale ya sa ɗan tsinke marar kaifi. Sai ya murɗa tishu ko tsumma mai tsabta ya goge cikin tukunyar. Shi ke nan. Baƙin sati uku bai yi ƙarfi ba tukuna, ɗan sanfefa mai laushi a naɗe a yatsa zai ɗauke shi, a bi a hankali, a tsaya da zarar an kai jikin dutsen. Cikin ba zai koma fari ba, kuma ba a so ya koma. Banda wuƙa mai tsini.

Sai babban abu: ka lura ko yana buga lofen a dugadugan takalmi ko ƙafar kujera don tokar ta fita. Duk mai lofen katako yana da wannan ɗabi'a, hannu ne ke yi ba tare da shawara da kai ba. Wannan dutse farce ma yana iya yi masa zane. Bugu ɗaya a siminti, wuyan ya ɓalle.

Mai Shadda:
Wallahi Baba kamar kana wurin. A gabana ya ƙwanƙwasa shi a hannun kujera sau biyu.

Tsohon Ma'aikacin Reluwe:
Allah ya tsare gaba. Ka ce masa a tafin hannu zai riƙa yi, kuma ya kama tukunyar, ba bututun ba.

Abu Hafsa:
Ni tsakani da Allah shawarata daban ce. Ka tashi tun daga Turkiyya, ƙasar da ake kawo carbi da darduma, ka rasa abin da za ka kawo wa dattijo sai kayan shan taba? Malamai da yawa sun haramta ta, waɗanda suka sassauta ma sun ce makaruhi ce. In lofen ya fashe ai gaba ta kai shi.

Mai Shadda:
Na gode Malam, kuma ban ce ka yi ƙarya ba. Darduma na kawo masa, har da jallabiya. Mutum ne da ya haura saba'in, 'ya'yansa sun yi magana har sun gaji, ni ɗan ƙanwarsa ban isa in ɗaga masa murya ba. Na yarda da na yi tunani da kyau da wani abin na saya. Yanzu dai an riga an saya.

Malamar Jinya:
Ba wa'azi zan yi ba, gyara ɗaya ne. Na ga an ce dutsen yana tsotse man taba, kada wani ya karanta ya ɗauka tace guba yake yi. Abin da yake riƙewa kaɗan ne, sauran yana shiga baki. Masu lofe da yawa suna cewa ai su ba sa zuƙa har huhu, amma hayaƙin yana zama a leɓe da harshe da maƙogwaro, kuma nan ne ciwon daji yake kama su. Alhaji, tunda kana da fada a wurin Kawu, ka riƙa lura. Gyambo a baki ko leɓe da ya wuce sati biyu zuwa uku bai warke ba, farin tabo ko ja a harshe da ba ya gogewa, dishewar murya da ta ƙi tafiya, wahalar haɗiya: ko ɗaya ka gani ku tafi asibiti, kada a tsaya jiƙe-jiƙe. Kuma ya daina sha a ɗaki in jikoki suna ciki.

Mai Shadda:
Na riƙe wannan Hajiya, Allah ya saka da alheri. Saura maganar bututun da ya ƙi fita, da kuma ko na gaske ne.

Ɗalibi a Eskishehir:
Bututun kada a ja shi da ƙarfi, kuma kada a taɓa shi lofen yana da zafi. A bari ya kwana. Yawancin na yanzu akwai wata 'yar farar roba mai zare da aka ɗaura a cikin wuyan, bututun kuma yana shiga cikinta. Ka kama wuyan da yatsu kusa da mahaɗar, ka murɗa bututun ta inda hannun agogo yake bi kana ɗan ja. Wajen mayarwa ma ta nan za ka murɗa. In ka juya ta ɗaya ɓangaren, robar za ta kwance ta biyo bututun, in aka yi ta haka zaren da ke jikin dutsen ya cinye. Da ya fita, ka zura wayar nan mai gashin auduga da ake share lofe da ita, a bushe. Ba mamaki an saka maka 'yan kaɗan a cikin akwatin, duba ƙarƙashin ƙyallen.

Maganar na gaske kuwa, iri biyu ne a kasuwa. Akwai wanda aka sassaƙa daga dunƙulen dutse guda. Akwai kuma wanda aka tara garin da ya zube wajen sassaƙa, aka kwaɓa da abin liƙi aka matse. Na biyun ya fi nauyi, ya fi araha, kuma ba ya shan launi sosai. Gwajin da aka sani shi ne a jiƙa yatsa a taɓa cikin tukunyar tun tana sabuwa: na dunƙule zai tsotse danshin nan take har yatsan ya ɗan maƙale. Naka an riga an sha, gwajin ba zai nuna komai ba yanzu. Amma ka ce ba nauyi, kuma a sati uku wuyan ya fara rawaya. Ni a ganina ba a cuce ka ba.

Tsohon Ma'aikacin Reluwe:
Yaron nan ya san abinsa. Bari in ƙara da na biyun da ke akwatina, shi ba na Turkiyya ba ne. Na Tanzaniya ne, sunan da ke jikinsa Kiko, wato lofe da Swahili. Daga yankin Amboseli aka haƙo dutsen, kan iyakarsu da Kenya. Ya fi na Turkawa tauri da nauyi, bai kai shi fari ba, shi ya sa yawanci tun a masana'anta ake rina shi. Ya faɗi a hannuna ya fi sau uku bai yi komai ba. Da irinsa ka samo wa Kawu da hankalinka ya fi kwanciya, sai dai yanzu sai a hannun tsofaffi. A da can birnin Biyana na Ostiriya ne cibiyar sassaƙa fararen, Turkiyya tana tura musu ɗanyen dutse, har ta zo ta hana fitar da shi a shekarun 1970 don aikin ya zauna a gida.

Hajiya Mai Turaren Wuta:
Ni ba ruwana da taba, amma na ji kuna ta kwatance sai na gane dutsen. Farin kaskon turaren nan na Somaliyawa da suke ce wa dabƙad, da shi ake yi, daga garin El Bur. Ina da guda biyu da na saya a Jidda. Garwashi yana ci a ciki amma kina iya ɗaukarsa da hannu. Nawa ɗaya yarinya ta wanke da ruwa ta kife a rana, da yamma na tarar ya dare. Don haka maganar ruwan nan gaskiya ce.

Mai Shadda:
Na dawo daga gidan Kawu. Na tarar har an ɗora ruwan, Allah ya sa bai tsoma ba. Bututun ya fita da na murɗa ta hannun agogo, abin da ya fito a jikin audugar ba kyan gani. Na goge cikin da sanfefa kamar yadda Baba ya ce. Da na gaya masa jan da lofen zai yi nan da shekaru, dariya ya yi ya ce to sai ya ga wanda zai riga wani tsufa. Ya yarda zai riƙa wanke hannu, amma ya ce maganar barin goro kada ma in fara. Ɗigon gemun fa, akwai abin yi?

Ɗalibi a Eskishehir:
Ka gwada farin ƙyalle mai laushi da ɗan danshi kaɗan, lofen yana sanyi. Abin da ya fita ya fita. Wanda ya ƙi, ka ƙyale shi, in sauran jikin ya yi duhu zai saje. Kada ka kankare, za ka bar farin tabo da ya fi ɗigon muni. In bayan watanni ka ga jikin ya bushe ya daina sheƙi, ka nemi kakin zuma tsantsa wurin masu zuma, mai haske, ba kyandir ba. Ka cire bututun, ka toshe bakin tukunyar da ramin wuyan, ka ɗumama lofen da na'urar busar da gashi, ka shafa narkakken kakin da ɗan buroshi, in ya huce ka goge da ƙyalle. Kuma kada a bar shi a gaban mota cikin rana, zafin Kano a watan Afrilu ya isa ya sa kakin ya yi laushi ya kwashi ƙura.

Tsohon Ma'aikacin Reluwe:
Ka saya masa ɗan tsumma fari ya ajiye a cikin akwatin lofen, in ya ci goro ya kama da shi. Kuma ka ce masa wani tsoho ɗan uwansa yana gaishe shi.