Ta yaya zan shawo kan mai kamfaninmu?

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ni ne manajan tsara kaya (wato mai tsara irin kayan da za a fitar kasuwa) a wani kamfanin shinkafa na gado a nan Sakkwato, amma a takarda kawai. Dilolinmu daga Tsohuwar Kasuwa har Illela ƙaramin buhu mai kilo 5 ko 10 suke nema, don mai kilo 50 ya fi ƙarfin talaka. Na kai rahoto, Alhaji mai kamfanin ya ce babban buhu ya gada, shi ke nan. Manyan muƙamai kuwa na 'ya'yan gida ne.

Yaya ake shawo kan dattijo ba tare da ya ga raini ba? In kuma na nemi aiki a kamfanonin fasaha na Legas, za su ɗauki wanda bai taɓa aikin manhaja ba?