Gashin zakara zai kama kifi a Madarumfa?

Tela: Salamu alaikum jama'a. Wannan ɗan abin da kuke gani a tafin hannuna ba ƙwaro ba ne, ƙugiya ce. Ƙanena da ke karatu a Bezanson, can ƙasar Faransa, ya aiko min da kwali guda, lamba 20, tsawonta kamar ƙwayar shinkafa. Na matse ta da pinsa, na naɗa zare siriri daga hanci zuwa gindi, na ɗaura silin gashi huɗu ya zama wutsiya, na murɗa ɗan ulu ya zama ciki, sannan na zagaya gashin wuyan zakara sau uku. Na jefa ta a kwanon ruwa, ta tsaya bisa ruwa cak. Magana ɗaya nake yi: wannan ya fi tana kama kifi, ko a tafkin Madarumfa.

Kawu Masunci: Wa alaikumus salam. Ɗana, koma kan kekenka, sallah na tafe. Tun kafin a haife ka nake cikin ruwan nan, ban taɓa ganin kifin da ya bar tana mai motsi ya haɗiyi gashin kaza ba.

Na Bezanson: Kawu, a gafarce ni, amma na gani da idona a kogin Lu, nan kusa da mu. Kifin ana ce masa turwit. Yana tsayawa ya fuskanci inda ruwa ke gangarowa, yana jiran ƙwarin da ke fitowa daga ƙarƙashin duwatsu su taso sama su buɗe fukafuki. Kafin fukafukin su bushe sai ya tsotse su. Mai fatsa yana duba irin ƙwaron da ke bisa ruwa a wannan sa'a, ya ciro mai kama da shi daga kwalinsa. Busasshen ƙuda suke ce masa, don ba ya nutsewa. Kuma Yaya, gyara ɗaya: gashin zakara ake sawa don silinsa na da tauri. Na kaza taushi gare shi, yana shan ruwa ya nutse.

Tela: Na zakara na sa mana. Wa ya ce maka na kaza ne?

Na Bezanson: Kawu ne ya ce.

Mushe: Bari in sa baki. Kawu, batun cewa kifi ba ya cin gashi, a nan kam an kayar da kai tun da daɗewa. Wani marubucin Rum mai suna Iliyanus, wajen shekara ta 200, ya ba da labarin mutanen Makidoniya da ke naɗa jan ulu a ƙugiya su ɗaura gashin zakara biyu su kama kifi. A Ingila kuma, Frederic Halford ya tsara wannan fanni na ƙuda mai iyo a shekarun 1880, a kogin Test. Har rigima suka yi da wani lauya, Skues, wanda ya ce kifin ya fi ci a ƙarƙashin ruwa. Kun ga gardamar ba a Maradi ta fara ba. Sai dai Tela, kai ma ka yi tsalle ka wuce gona. Turwit kifin ruwan sanyi ne. Ruwa na wuce digiri 20 ya fara galabaita, wajen 25 mutuwa yake. Mu da watan Afrilu ke kai mu sama da 40 a inuwa?

Tela: Mushe, ni ban ce akwai turwit a Madarumfa ba. Na ce dabarar za ta yi.

Kawu Masunci: To tsaya in karanta maka ruwan, tunda dabara kake so. Wancan kogin nasu daga cikin dutse yake ɓulɓulowa, ko ba haka ba?

Na Bezanson: Haka ne Kawu, garau yake, kana ƙirga tsakuwar ƙasa.

Kawu Masunci: Madalla. Namu fa? Gulbi ya kwaso jar ƙasa tun daga Katsina, ya biyo ta Jibiya ya zube mana. Da damina ka tsoma hannu zuwa gwiwar hannu ba ka ganin yatsunka. Kifin da ke rayuwa a irin wannan ruwa ba da ido yake kiwo ba. Dubi tarwaɗa: idanu ƴan mitsi-mitsi, gashin baki zaƙo-zaƙo. Da gashin bakin nan take lalube, da wari take bi. Shi ya sa muke sa mata hanjin kaza ko abin da ya ɗan kwana ya yi ɗoyi. Abin naka wane wari gare shi? Na man keke? Kurungu ma ƙasa yake bi. Gaiwa kuwa tana cikin laka, ba ruwanta da abin da ke yawo a sama. Sannan ka ce lamba 20. Tarwaɗa mai kilo biyu ta kama wannan, miƙe ta za ta yi kamar allura.

Na Bezanson: Wannan kam gaskiya ne, kuma zaren da ake ɗaura ta da shi kaurinsa bai wuce milimita 0.12 ba. Ga shi lamba na ƙaruwa ƙugiya na ƙanƙancewa, akwai har 24. Sai dai turwit babba ma ana fitar da shi da ita, sandar ce ke lanƙwasa tana shanye fizgarsa.

Inna Mai Suya: Ni tambayata ɗaya. In an kama, nawa ake sayar da shi?

Na Bezanson: Inna, da yawansu sakinsa suke yi. Har ƙayar ƙugiyar suke dannewa don ta fita ba rauni.

Inna Mai Suya: Innalillahi. Mutum ya wuni tsaye cikin ruwan sanyi, ya kama, ya sake? Allah Ya ba su lafiya.

Mushe: Inna, kar ki raina abin. Turawan mulki sun kai turwit tsaunukan Kenya a 1905, yau mutanen Kenya na zaune suna ɗaura irin waɗannan ƙudaje da hannu ana fitarwa Turai da Amurka. A Faransa, yankin Limuzan, akwai zakarun da don gashinsu kawai ake kiwonsu. In Tela na da rabo a nan, a yatsunsa yake, ba a tafki ba. Mai ɗinkin aska takwas ba zai kasa wannan ba.

Tela: Na gode Mushe, amma ba ku kashe maganata ba. Kawu, don Allah tsakaninka da Allah: daren da aka yi ruwan fari, shinge ya tashi, me kake gani a tafki da safe?

Kawu Masunci: Hmm.

Tela: Kawu, ana jira.

Kawu Masunci: Ruwa yakan tafasa, ban ƙi ba. Shinge na faɗawa, ƙananan kifaye na tasowa suna wafcewa, kawara ce kan gaba, karfasa ma takan taɓa. Har tarwaɗa nakan ga ta ɗago baki. Amma kwana nawa ne wannan a shekara? Kuma ranar ni birgi nake jefawa, jifa ɗaya in cika ƙwarya. Kai kana can kana lallashin kifi ɗaya.

Na Bezanson: To ai shi ke nan, Kawu ya faɗi sirrin da kansa. Abin da suke jira a Lu ke nan, ranar da ƙwaro ya tashi. Yaya, bar kwaikwayon ƙwaron Faransa. Ɗaura shinge: jiki ruwan ƙasa, fukafuki dogaye kwance a baya, ƙugiya lamba 12 ko 14. Fukafukin ka yi su da gashin gindin agwagwa, wanda ke kewaye da inda take tatsar man da take shafa wa jikinta. Mutanen tsaunin Jura, nan kan iyakar Faransa da Suwizalan, sun daɗe da gano cewa yana riƙe iska, ba ya saurin nutsewa. Ko ka ɗaura fara, ka jefa gindin ciyawa.

Mushe: Da me zai jefa? Abin ba shi da nauyi. Su igiyarsu ce mai nauyi, ita ke ɗaukar ƙudan.

Tela: Gora doguwa da zare daidai tsawonta. In miƙa in ajiye a hankali.

Kawu Masunci: Kifi na ganinka, mai jar koma. Ka tsaya kansa da gora inuwarka ta faɗa ruwa, ka ga ko zai jira ka. To amma na ji. Ka ce ya fi tana, ni na ce ƙarya ne, ko ranar shinge. Ruwan fari ya sauka ka zo da asuba, zan ba ka jirgi. Kai da gashinka, jikana da tanarsa, wuri ɗaya, daga fitowar rana zuwa hantsi. In ka fi shi, jika biyar. In ya fi ka, ka ɗinka min riga.

Tela: Na yarda. Mushe shaida.

Mushe: Da ƙirga za a yi ko da awo? Ku faɗa tun yanzu, kawara goma ba su kai tarwaɗa ɗaya ba.

Tela: Ƙirga.

Kawu Masunci: Awo.

Inna Mai Suya: Ku dakata tukuna. Tela, jan zakarana ya shigo gida shekaranjiya wuyansa fige gefe ɗaya. Gashin da ke jikin ƙugiyar nan ja ne ko idona ne?