Kallon tseren motoci a Jidda, ina neman shawara

Bakanike Ringim: Salamu alaikum jama'ar zaure. In Allah ya yarda zan tafi Umara, kuma ta faɗo daidai makon tseren Formula 1 na Jidda. Wanda ya taɓa shiga kallo ya taimaka, wace rana ta fi, kuma ina ya kamata in zauna?

Direban Gumel: Wa alaikumus salam. Juma'a gwaji, Asabar gasar neman layin gaba wajen tashin tsere, Lahadi tsere. Ni Asabar ta fi min.

Kawu: Ka tabbatar da ranar tukuna ɗana. A 2024 ranar Asabar aka yi tseren saboda azumi ya matso.

Alhajin Sharafiya: Ƙanina, abu ɗaya zan roƙe ka, kada ka karɓi tikiti a hannun dillali. Wani ya sayar min da tsada, ya rantse wurin manya ne. Da na shiga sai ga ni a gefen miƙaƙƙiyar hanya, raga a gabana, babban allon kuma ya ba ni baya. Motar nan tana wuce kilomita 300 a awa, kafin ka ɗaga waya ta ɓace, sai ƙara ta bari a kunnenka. Filin ya haura kilomita 6, lanƙwasa 27 gare shi, zagaye 50 ake yi, to wanda ba ya ganin allo bai san wa ke gaba ba. Haka na zauna ina tambayar wani Bature na kusa da ni har aka tashi. Wallahi abin ya yi min ciwo. Ka saya da kanka ta intanet, ka nemi kujera wajen kwanar farko, nan ake taka birki ana shan gaban juna. Ka riƙe abin toshe kunne. Da daddare ake yi, amma ka je da wuri, ana rufe hanyoyin bakin teku, tafiyar ƙafa ce mai yawa.

Mai Faci: Wai da gaske taya huɗu suke canzawa cikin daƙiƙa uku?

Direban Gumel: Ba ma ta cika ukun. Kai kuwa taya ɗaya sai mun yi la'asar a rumfarka.

Mai Faci: Su kusan mutum ashirin ne a kan mota ɗaya, ni da yarona ne kawai!

Ɗan Autan Hajiya: Ni dai na san direba Lewis Hamilton ne ya ci tseren Jidda na farko a 2021.

Direban Gumel: Abokin hamayyarsa Max Verstappen fa? 2022 da 2024 duk nasa ne.

Kawu: Ku bar musun nan. Ɗana, ka fara gama ibadarka, sannan ka hau jirgin ƙasa daga Makka zuwa Jidda. Ni dai sukuwar Sallah ta ishe ni kallo.

Bakanike Ringim: Na gode Kawu. Alhaji, masauki fa?

Alhajin Sharafiya: Makon nan kuɗin ɗaki tashi yake yi. Kira ni bayan isha'i.